Tafintan Adda

A filin jirgin sama na Habasha, inda muka ya da zango kafin mu wuce Indiya, na fara gane cewa aikin da aka ɗora mini ya fi ƙarfina. Muna zaune a kan kujerun ƙarfe, mun bar kujera ɗaya babu kowa a tsakaninmu. Ni ina rungume da ambulan ɗin hotunan asibiti, ita kuma ta zuba wa ƙasa ido. Can sai na ji ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"Ko ina mutane suke kama ruwa a nan?"

Na miƙe na nuna mata ƙofar da hannu, na koma na zauna. Ina jin wannan ce magana ta farko da ta taɓa shiga tsakanina da mahaifiyata mu biyu kaɗai, ina neman shekara talatin a duniya.

Ni ne ɗanta na fari. Wanda ya tashi a gida irin namu a unguwar Wunti ta Bauchi ya san abin da hakan yake nufi. Wanda bai sani ba zai iya ɗauka ƙiyayya ce, alhali ba ita ba ce. Tun da aka yaye ni aka kai ni ɗakin kakata. Ƙannen mahaifiyata suna ce mata Adda, ni ma na taso ina ce mata Adda. Ba ta faɗin sunana. Idan za ta aike ni sai ta ce, "A gaya wa wancan ya zo," ko da kuwa ina tsaye a bakin ƙofa. Ba ta cin abinci a gabana, ni ma ba na ɗaga ido in kalli fuskarta. Ƙanwata Hauwa kuwa har a cinyarta take kwanciya suna hira. Ban taɓa jin haushi ba, ko dai in ce ban taɓa yarda cewa na ji ba.

Da ciwon ya zo, Hauwa ce ta dace ta raka ta, amma Hauwa tana da tsohon ciki. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Kawu Bala, ƙanen Adda, shi ne babba a kanmu, shi ya yanke hukunci.

"Kai ka yi jami'a a Gubi, kai ne mai Turanci. In ba don rana irin wannan ba, me aka kai ka yi?"

Ciwon kuwa, mararta ce ta kumbura ta gefen dama, tana ramewa, ga jiri, tafin hannunta ya yi fari fat. Likitocin da suka duba ta a Bauchi sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Hoto ya nuna ƙari, amma suka ce bai yi kama da waɗanda suka saba gani ba. Abin da ya kwantar mini da hankali kawai shi ne an ce a can akwai wata mata mai jin Hausa, ita za ta riƙa shiga da Adda wurin likita. Ni nawa ɗaukar jaka ne.

Inda muka sauka wani babban birni ne a kudancin Indiya, a bakin teku. Wanda ya tarbe mu sunansa Ɗanlami, dillalin da aka haɗa Kawu da shi ta waya, ɗan ƙasarmu ne da ya daɗe a can yana kai marasa lafiya asibiti. Mutum ne mai fara'a, yana ta ƙamshin turare. Tun a mota yake cewa, "Hajiya, ki ɗauka kin warke. Su a nan cire ƙari kamar cire ƙaya ne." Adda ta ce, "Allah ya sa."

Masaukin da ya kai mu a saman wani shagon tayoyi yake. An ce mana ɗaki biyu ne. Da ya buɗe ƙofa sai ga ɗaki ɗaya da gado biyu, ko tabarma ba za ta shiga tsakaninsu ba.

"Malam Ɗanlami, ina jin kamar ba haka aka yi magana ba."

"Haba ɗan'uwa, ba mahaifiyarka ba ce? Wasu gida guda suke kwana a irin wannan."

"To ita tafintar fa?"

"Ta ɗan je gida, jibi tana nan. Kai ba digiri gare ka ba? Riƙe mana kafin ta dawo."

Ya raka mu asibiti aka buɗe mana kati, daga nan wayarsa ta daina shiga. Ba zan rantse cewa babu matar tun asali ba, Allah ne masani, amma ban haɗu da wanda ya taɓa ganinta ba.

Na ja katifa ɗaya na shimfiɗa a baranda, kusa da matakala. A can nake kwana, a can kuma nake tsayawa idan za ta ci abinci. Abincin ma ba ciyuwa yake ba, komai da wani ganye mai ƙamshin da ba mu saba da shi ba. Adda ta koma kan kunu, da garin da Hauwa ta ƙulla mata. Ni kuwa sai in tsaya ina kallon titi. Kekunansu masu ƙafa uku suna ta kutse kamar na bakin kasuwar Wunti, sai in ji kamar in tare ɗaya in ce ya kai ni Ɗan Iya, makarantar da nake koyarwa, in sayi masa mai zafi a bakin ƙofa, in shiga aji in ci gaba da rayuwata.

A kan matakalar nan ina waya da Hauwa, sai na ji an ce daga ƙasa, "Kai! Wane ne yana Hausa a nan?"

Wata mata ce gajera mai jiki, da bokitin wanki a hannu.

"Daga ina?"

"Daga Bauchi."

"Bauchi ina?"

"Wunti."

Ta dire bokitin ta tafa hannu. "Yesu! Ni fa abinci nake sayarwa a bayan tasha. Ɗan gida! Me ya kawo ka ƙasar barkono?"

Sunanta Rifkatu, 'yar wajen Bogoro, a ɗakin ƙasa suke. Mijinta, Baba Yohanna, tsohon ɗan sanda ne. Wani ƙari ne ya fito masa a cikin ƙashin muƙamuƙi, ya yi shekaru yana girma a hankali. An cire ƙashin, an ɗebo wani daga ƙafarsa an dasa masa, an ɗaure bakin ba ya magana.

Ta ce, "Shi ne mai Turanci, ga shi an kulle bakin. Ni kuma ga baki, babu Turanci. Ka ga aikin Allah? Yanzu kai ne Malam Turanci na gidan nan."

Hausarta irin ta mutanen kudancin jiharmu ce, mace da namiji duk "ya" ne a wurinta. Ta hau ta gaida Adda, ta ja ƙofa. Ba a daɗe ba na jiyo dariyar Adda, karo na farko tun da muka baro gida.

Likitar da aka haɗa mu da ita mace ce, dattijuwa, mai furfura da tabarau. Ba ta da yawan fara'a amma tana da haƙuri. Ta ɗaga hotunan ta daɗe tana kallo, sannan ta fara tambayoyi. Yaushe ciwon ya fara, haihuwa nawa, ko akwai mai irinsa a dangi. Ina fassarawa ina kallon bango, Adda tana amsawa tana kallon ƙasa. Har na fara jin cewa wataƙila zan iya.

Sai likitar ta ce, "Tambaye ta yaushe ta daina al'ada. Kuma tun da ta daina, ko ta sake ganin jini?"

Na ji tambayar sarai. Babu kalmar da ban sani ba a ciki, da Turanci ko da Hausa. Amma da na buɗe baki sai na kauce. Abin da ya fito shi ne:

"Adda, likita tana tambaya ko… ko ban da cikin akwai wata damuwa. Ta ɓangaren mata."

Ta gyara hijabinta. Sannan ta ce, a hankali:

"A ce mata sallah ce ba ta samuwa yadda ya kamata. Wani lokaci a yi, wani lokaci babu hali."

Na juya na ce wa likitar, "Ta ce tana samun matsala wajen ibada. Wani lokaci tana iyawa, wani lokaci ba ta iyawa."

"Saboda ciwo? Sunkuyawa ce take mata wuya?"

"Ina jin haka ne."

"Jinin fa?"

"Ba ta ambaci jini ba."

Kuma gaskiya ne, ba ta ambata ba. Na sha juya wannan lokacin a raina. Ni ba yaro ba ne, na san abin da mata suke nufi da fashin sallah. Amma Adda ta doshi sittin, a tunanina wannan ƙofar ta daɗe da rufewa. Ko ban gane ba ne, ko kuwa na gane na ƙi ganewa, har yau ban iya rarrabewa ba.

Likitar ta sa na fita, ta duba ta ita da nas, da nuni da hannu. Ran nan ba ta ga komai ba, domin abin zuwa yake yana ɗaukewa. Da sakamakon gwaje-gwaje ya fito muka koma. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Hoton mahaifarta yana gaya mini abu ɗaya, kai kana gaya mini wani. Bangon mahaifar ya yi kauri fiye da na mace mai shekarunta. Ka tabbata babu jini?"

Na ce wa Adda, "Ta ce ko akwai abin da aka manta ba a faɗa ba."

Adda ta ce, "Ai an faɗa."

Na ce wa likitar, "Ta ce ta faɗi komai."

Likitar ta yi ajiyar zuciya. Ta ce jinin jikin Adda ya yi ƙasa ƙwarai, kuma jini ba ya ɓacewa haka kawai. Idan ba ta nan yake fita ba, to sai a nemi inda yake tsiyaya a cikin tumbi ko hanji. Akwai ciwon dajin da yake farawa a can, sannan ya sauko ya yi ƙari a mara. Idan shi ne, ba za ta yi gaggawar tiyata ba, sai an fara da magani mai ƙarfi na tsawon watanni. Mu kuwa bizarmu ba mai tsawo ba ce, ƙarfin Adda kuma kullum raguwa yake. Ko matakala sai ta huta a tsakiya. Na gane cewa in har ba a gano asalin ƙarin nan da wuri ba, za mu iya komawa Bauchi da shi kamar yadda muka zo.

Aka sa ranar da za a zura mata bututu mai kyamara ta maƙogwaro. Aka hana ta ci da sha tun daren da ya gabaci ranar. Ina zaune a waje ina jiyo kakarinta kafin maganin barci ya kama ta. Da aka gama suka ce tumbin lafiya lau, babu ko ƙwarzane. Saura hanji, wannan kuma ta ƙasa ake bi, sai an ba ta maganin wanke ciki tukuna. Ban san yadda zan fassara wannan ba, sai na ce mata kawai akwai sauran gwaji ɗaya.

Nas ta turo ta a keken marasa lafiya har bakin ƙofar asibiti, ni kuma na taro mai keken haya. Adda ta dafa ta miƙe. A kan farin ƙyallen da aka shimfiɗa a kujerar na ga ja, faɗin tafin hannu. Bayan zanenta ma haka. Ta kai hannu da sauri ta ja hijabi ta rufe. Ni kuma na juya ina ta nuna wa mai keke hanyar da ya fi ni sani.

Muka kama hanyar masauki. Ina kallon gefen titi, ina tuno abin da nake gani ta taga tun zuwanmu. Akwai ranakun da take tsayawa sallah tsaf, ruku'u da sujada, ba ta dafa komai. Akwai kuma ranakun da take zama a bakin gado da carbi kawai. Ta gaya mini. Da harshen da ta iya yi mini magana da shi, ta gaya mini, a gaban baƙuwa, bayan ta haɗiye kunyar da ni na kasa haɗiyewa. Ni ne na ɗauki maganar na mayar da ita ciwon baya. Kakarin da na ji ɗazu, ni na ja mata shi.

Na yi tunanin in koma wurin likitar ni kaɗai. Amma za ta tambaye ni tun yaushe, da yawa ko kaɗan, ni kuwa ban sani ba. Kuma in je in ba da labarin abin da idona ya gani a zanen mahaifiyata, wannan ma na kasa. Na sauka wurin Mama Rifkatu da niyyar in roƙe ta, na tsaya a bakin ƙofa, na buɗe baki, sai na ji ina cewa, "Yaya jikin Baba?"

"Da sauƙi. Kai ne dai kamar an zare maka laka. Ka ci abinci?"

Na ce na ci, na koma sama.

Bayan la'asar ina zaune a kan katifata, sai na ji muryar Adda daga cikin ɗaki. Ƙofar a sakaye take.

"Ko matar nan ta ƙasa tana da aiki gobe?"

"Zan tambaya."

"A tambaya. A ce ta raka mutane asibiti."

Washegari muka shiga mu uku. Likitar ta dubi Mama Rifkatu, ta dube ni. Na ce 'yar garinmu ce. A ɗakin akwai gadon duba marasa lafiya da koren labule. Adda ba ta zauna a kujerar da ta saba ba. Ta wuce ta hau gadon, ta ce, "Rifkatu, zo ki ja mana labulen nan."

Aka ja. Ni da likitar muna waje, su suna ciki. Sai na ji Adda ta fara magana, da murya sama da wadda na san ta da ita.

"Rifkatu, ke nake gaya wa. Na fi shekara goma da daina ganin al'ada. Bara, wajen damina, sai ga jini."

Mama Rifkatu ta ɗaga murya kamar mai kiran ciniki. "Malam Turanci! Mai ciwo ya ce ya daɗe da daina al'ada. Bara kuma jini ya dawo."

A nan na gane dabarar. Adda ba da ni take magana ba. Ni ma ba daga bakinta na ji ba, daga bakin Rifkatu na ji. Na kafa idona a kan wata kalanda mai hoton furanni, na mayar da maganar Turanci, kalma da kalma, ban rage komai ba.

Likitar ta ajiye biro. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Na tambaye ka."

"Kin tambaye ni."

Ba ta ƙara ba. Da ta yi mini faɗa, ina jin da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauki biron ta ci gaba: yana daɗewa idan ya zo? Da gudaji? Ƙirjinta yana ciwo ko cika, kamar na budurwa?

Na ce, "Mama, likita ta ce ki tambayi mai ciwo ko… ko ƙirji…"

"Nono kake nufi? Faɗi mana! Ba shi ka sha ba? Hajiya, wai nono yana ciwo?"

Na ji Adda ta ce, "Yana yi. Har na rasa inda zan sa kaina. Tsohuwa da ni."

"Ya ce yana yi."

Na fassara. Haka muka yi ta yi, tambaya ta fita daga likita ta biyo ta kaina, ta bi ta kan Rifkatu, amsa ta dawo ta hanyar da ta bi. A ƙarshe Adda ta ce wani abu ƙasa-ƙasa, wannan karon da gaske Rifkatu kaɗai take nufi, amma ɗakin ƙarami ne.

"Ba jinin ne ya dame ni ba. Sallolin ne. Ban san wanda zan tambaya ba. Idan na mutu a wurin aikin nan, da me zan je?"

Rifkatu ba ta maimaita wannan ba, ni ma ban fassara ba.

Likitar ta soke gwajin hanji, ta aika da jini a yi wani gwaji na musamman. Da ya fito ta yi mana bayani, an ja labulen kamar wancan karon. Ta ce ƙarin a wurin da ƙwan haihuwa yake ya tsiro, kuma wani iri ne da ba kasafai ake ganinsa ba, ita kanta jefi-jefi take haɗuwa da shi. Yana fitar da sinadarin 'yan mata a jikin da ya riga ya wuce wurin. Shi ya kumbura bangon mahaifa, shi ya kawo jinin da ciwon ƙirji. Ta ce maganinsa na farko tiyata ce. Za a ƙara mata jini, sannan a cire shi tare da mahaifar gaba ɗaya.

Na faɗa wa Rifkatu da kalmomi mafi laushi da na samu. Ta leƙo da kai ta gefen labule.

"To Malam Turanci, za a rushe gidan da ka fara kwana a ciki. Ka yi sallama da shi."

Daga ciki Adda ta ce, "Rifkatu, ki ji tsoron Allah."

Kafin a buɗe labulen na tambayi likitar abu ɗaya na kaina: wannan jinin al'ada ne ko na ciwo? Ta ce na ciwo ne, babu tantama. Ni ba malami ba ne, ɗan abin da na tsinta a Islamiyya ne kawai, kuma ina tsoron in faɗi abin da ban tabbatar ba. Amma wannan na san shi. Na gyara murya.

"Mama, ki gaya wa mai ciwo, likita ta ce jinin ciwo ne. Kuma a iya abin da aka koya mana, jinin ciwo ba ya hana sallah. Mutum ya tsaftace jikinsa, ya yi alwala, ya yi abarsa. Na baya kuma a rama a hankali. Idan mun koma gida a ƙara tambayar malamai."

"Oho! Yau kuma ni na zama malamin Islamiyya? Idan fastonmu ya ji!" Sai ta sassauta murya. "Hajiya, ka ji. An ce ka yi sallarka."

Sannan na ji jan hanci, da muryar Rifkatu tana cewa, "Ya isa, ya isa mana." Na roƙi likitar izini na fita waje.

Ranar tiyata Baba Yohanna ya matsa sai ya zo, da sandarsa da ɗaurarren bakinsa. Ya zauna kusa da ni a kan benci. Duk lokacin da ƙofa ta motsa na zabura, sai ya ɗora hannu a gwiwata ya danna ni ƙasa. Haka muka zauna har likitar ta fito. Ta ce an cire shi bai fashe ba, kuma a iya abin da ido ya gani bai bazu ba. Bayan an duba naman a ɗakin gwaji ta tabbatar da zatonta. Amma ta gargaɗe ni: irin wannan ƙarin yana iya yin shiru na shekaru masu yawa sannan ya dawo, saboda haka gwajin jini da hoto ba za a daina su ba har ƙarshen rayuwa. Ta ce, "Kuma a gida ku samo mata mace." Na ce za a samo.

Su Mama Rifkatu sun riga mu tafiya. Adda ta ba ta sauran garin kunu da yajin daddawa, ita kuma ta bar mana tukunyarta. A bakin mota ta ce mini, "Ka zo bayan tasha ka ci tuwo. Ka yi aure kuma, ko bakinka zai buɗe."

Mun iso Bauchi Adda tana tafiya da ƙafafunta. Gida ya cika da 'yan sannu da zuwa. Hauwa ta haihu muna can, ta ɗora wa Adda jaririn a cinya, suka shige ɗaki suka rufe ƙofa. Daga yadda Hauwa ta fito tana share ido, ta wuce ni ba ta yi mini tsiyar da ta saba ba, na san an gaya mata komai. Ita take raka ta gwaji yanzu.

Ni kuwa aka zaunar da ni a zaure cikin maza. Kawu Bala ya gyara zama, ya dubi jama'a, ya dube ni.

"To ɗan boko, ba mu labari. Mene ne takamaimai ciwon? Yaya aka yi suka gano shi, alhali na nan sun kasa?"

Kowa ya zuba mini ido. Akwai maƙwabta, akwai surukan Adda, akwai limamin unguwa. Na san amsar tun daga farkonta har ƙarshenta, da Hausa da Turanci.

Na ce, "Kawu, wani ƙari ne dai a ciki. Sunansa da Turanci ne, ban san Hausarsa ba. Yadda suka gano kuwa, gaskiya ban fahimta sosai ba. Na'urori ne da su."

Kawu ya riƙe haɓa. "Ikon Allah! Duk karatun nan? Aka ɗauke ka takanas saboda Turanci, ka je ka dawo ba ka san ciwon uwarka ba?"

Zaure ya kwashe da dariya. Wani ya ce ai 'yan jami'ar yanzu sai a hankali. Na sunkuyar da kai na bar su suka yi mai isarsu.

Har yau Kawu bai bar maganar ba. Duk taron suna ko ɗaurin aure, da ya hango ni sai ya nuna ni ya ce, "Ga tafintanmu na Indiya nan, a tambaye shi ciwon Adda." A yi dariya, ni ma in taya su.